Mita 115 a Jikin Bango: Yadda Na Tsara Ɗan Layin Dogon Kolorado na 1885

Bangon gabas na ɗakin karatuna, daga bakin ƙofa zuwa kusurwa, santimita 240 ne. Sau uku ina sa tef ina aunawa ko Allah zai sa ya ƙaru, bai ƙaru ba. Faɗin da zan iya ci ba tare da na tare hanyar wucewa ba kuwa santimita 45 ne. A wannan ɗan wurin na ƙudiri aniyar kafa layin dogo na kwaikwayo, irin na yammacin Amurka a lokacin da mu nan muke kira zamanin kaboyi.

Wanda bai san harkar ba zai ɗauka wasan yara ne. A Amurka da Ingila da Jamus da Japan akwai dattawa masu furfura da ke shafe shekaru suna gina ƙananan jiragen ƙasa masu tafiya da lantarki, da tashoshinsu da gadojinsu da duwatsunsu, komai bisa ma'auni guda, har in an ɗauki hoto daga kusa sai ka rantse wurin gaske ne. Wuta takan bi ta cikin dogon, ƙafafun jirgin su ɗauka su miƙa wa ɗan injin da ke ciki. Ni dai ban kai ga kafa ko ƙusa ɗaya ba tukuna. Abin da ke nan labarin tsarawa ne, daga zanen farko zuwa na huɗu.

Zanen farko da dokin mazarƙwaila

A zanen farko babu abin da ban cusa ba. Dogo ya yi zobe, ya hau dutse, ya ratsa ta saman kansa a kan doguwar gada, ya shige rami ya ɓullo ta wancan gefen. A tsakiya ga gari: mashaya, banki, gidan yari, ofishin ɗan sandan gari, garken shanu da kaboyi biyu a kan dawaki, ga dogayen itatuwan ƙaya na hamada masu hannuwa a ɗage. A kusurwa kuma mahaƙar zinare.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya yi aikin reluwe har ya yi ritaya, kuma yawancin shekarunsa a wajen shantin ya yi su, wato haɗa taragu da rarraba su a tasha. Na kai masa takardar ina jiran yabo. Ya gyara tabarau, ya bi layin da ɗan yatsa har ya dawo inda ya fara.

"Ɗana, wannan jirgin naka daga ina ya taso, ina za shi, me kuma ya ɗauko?"

"Kawu, zagayawa kawai yake yi."

"To ai ba jirgi ka zana ba. Dokin mazarƙwaila ne, ya wuni yana zagaye bai je ko'ina ba. Shi ma gara shi, ruwan rake na fita."

Na ji haushi a ranar. Amma duk gyaran da ya biyo baya daga tambayoyin nan uku ya fito.

Dalilin da ya sa aka siranta dogo

Dogon da akasarin duniya ke amfani da shi tazarar milimita 1,435 ce tsakanin ƙarfe da ƙarfe, irin wanda aka buɗe tsakanin Abuja da Kaduna a 2016. Duk wanda ya gaza haka siriri ake ce masa. Da na gaya wa Kawu cewa tsohon layin da ya iso Kano a 1911 milimita 1,067 ne, ya yi dariya ya ce ashe su ma a kan siriri suka ƙare rayuwarsu ba su sani ba.

A jihar Kolorado, can yammacin Amurka, ƙafa uku suka zaɓa, milimita 914. William Jackson Palmer, tsohon janar a yaƙin basasar Amurka, shi ya kafa kamfanin Denver & Rio Grande a 1870, jirginsa na farko ya isa Colorado Springs a 1871. Niyyarsa ta farko ya gangara kudu har Meziko, amma azurfar da aka yi ta ganowa a tsaunuka ta juya akalar layin zuwa yamma. A cikin dutse kuwa siririn dogo ya fi arha ta ko'ina: ƙasa kaɗan za a fasa, gada ƙarama ta isa, ƙarfe mara nauyi ya wadatar, sannan jirgin yana iya shan kwanar da babban jirgi ba zai sha ba. Aibinsa ɗaya ne, kuma shi ya kashe shi: duk inda ya haɗu da babban dogo sai an sauke kaya an sake lodi. Zuwa 1890 kamfanin ya faɗaɗa babban layinsa, ya bar sirara a rassan cikin tsaunuka.

Reshen da ya fi ɗaukar hankalina shi ne na Durango zuwa Silverton. Kamfanin jirgin ne ya kafa Durango a 1880, dogo ya isa Silverton a watan Yulin 1882, tafiyar mil 45, kusan kilomita 72, yana bin kogin Animas, wani wurin a kan ɗan tsagin da aka sassaƙa a jikin dutse. Har yau jirgin hayaƙi na bin layin da masu yawon buɗe ido. Na yi lissafin ko nawa zan buƙata in kwaikwaye shi duka a ma'aunin da na zaɓa: kilomita ɗaya da rabi. Ni kuma santimita 240 gare ni.

Ma'auni

Hanya uku ce a gabana. Akwai HOn3, inda ake rage komai sau 87, dogon ya zama milimita 10.5. Wannan ya yi daidai da ƙafa uku na Kolorado, kuma bangona zai tashi mita 209 na duniyar gaske. Sai dai mutum mai tsawon santimita 175 zai koma santimita 2, ƙafafun jirgin ƙanana ne, ƙura kaɗan ta tsayar da su. Akwai On3, ragewa sau 48 a kan dogo mai milimita 19, shi ma daidai yake da gaskiya, amma kayansa tsada gare su, kuma yana son fili.

Na uku shi ne On30. Jirgi da mutane da gine-gine duk a rage su sau 48, amma a ɗora su kan dogo mai milimita 16.5, wato na ma'aunin HO, mai ragewa sau 87, wanda ya fi kowanne yawa a kasuwa. Kamfanin Bachmann ne ya yaɗa shi a ƙarshen shekarun 1990 da ya fara fitar da injuna da taragu masu sauƙin kuɗi. Mutum a nan santimita 3.6 ne, kana ganin hularsa da gashin bakinsa, kuma hannun da bai ƙware ba zai iya yi masa fenti.

Akwai ƙarya a cikinsa, gara in faɗa da bakina. In ka ninka 16.5 sau 48 za ka samu milimita 792, alhali na Kolorado 914 ne. A kan allo bambancin milimita biyu da rabi ne. Masu tsanani a harkar ba sa yafe wannan, kuma suna da hujja. Ni na yafe, don a tsaye a gefen bango ta gefe nake kallon jirgin, ba ta gaba ba, kuma ba na jin idona zai taɓa kama milimita biyu da rabi.

Lambar 30 ɗin inci 30 take nufi, milimita 762. Wannan kuwa shi ne ainihin faɗin ƙaramin dogon da ya tashi daga Zariya ya hau Jos da Bukuru don kwasar kuza, wanda aka kammala a 1914 aka rufe a 1957, ana kiransa da sunan Bauchi ko da yake bai taɓa shiga garin Bauchi ba. Kawu bai riske shi yana aiki ba, a bakin manyansa ya ji labarinsa. Ya ce in na gama da Turawan daji in zo mu gina wannan. Dogon dai iri ɗaya ne, ba sai na sake saye ba.

Da On30 bangona ya zama mita 115 a tsawo, mita 21 da 'yan kai a faɗi. Filin ƙwallo ɗaya ke nan a tsaye, an yanke masa fiye da rabin faɗi.

Inda lissafi ya kashe zobe da hawa

Kwanar da ƙananan injunan On30 ke sha cikin kwanciyar hankali ita ce mai inci 18 daga cibiya zuwa dogo, kusan santimita 46. Zobe cikakke zai ci 92, in an bar gefe don kada jirgi ya faɗo ƙasa ya haura mita ɗaya. Allona 45 ne. Zobe ya mutu tun nan, ko da Kawu bai yi magana ba.

Hawan ne ya fi yi mini ciwo. Abin da nake kwaɗayi shi ne irin layin garin Georgetown na Kolorado, wanda aka gama a 1884, inda dogo ke murɗawa ya ratsa ta saman kansa a kan doguwar gadar ƙarfe don ya hau zuwa Silver Plume. Kafin jirgi ya wuce ta ƙarƙashin wani a wannan ma'aunin ana buƙatar aƙalla santimita 10 daga dogo zuwa dogo. Hawa huɗu cikin ɗari, irin wanda jiragen gaske ke fama da shi daga Chama zuwa mashigar Cumbres, yana nufin santimita 4 a kowace mita. Santimita 10 ke nan sai an yi tafiyar 250. Bangon gaba ɗaya bai kai ba, balle a yi maganar saukowa. Sannan tarago ba ya tsayawa a gangara, da ka sake shi sai ya bi hanyarsa.

Zane na biyu ya zama dogo a miƙe, a shimfiɗe, daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Da na dube shi sai na ga kamar layin awo. A nan ne wata dabara ta zo: tunda ba zan iya ɗaga dogo ba, sai in sauke ƙasa. In na bar dogon a inda yake na zurfafa allon da ke ƙarƙashinsa da santimita 15, na sami kwazazzabo mai zurfin mita 7 da gadar katako mai dogayen ƙafafu, ba tare da injin ya hau ko taki ɗaya ba.

Shekara ɗaya, wuri ɗaya

Nan ne na fi daɗewa, kuma nan na gane cewa abin da fina-finan kaboyi suka zuba mana a kai gauraye ne na wurare da zamunna da ba su taɓa haɗuwa ba.

Itacen ƙayar nan mai hannuwa a hamadar Sonora yake fitowa, kudancin Arizona da arewacin Meziko. Silverton kuwa tana sama da mita 2,800 daga doron teku, dusar ƙanƙara kan rufe hanyarta da hunturu. Manyan garkunan da kaboyi ke korowa daga Texas a garuruwan Kansas suke ƙarewa, irin su Abilene da Dodge City, kuma jiragen da ke kwasar su a can kan babban dogo suke. Siraran layukan Kolorado sun ɗauki dabbobi, shanu da tumaki, amma abin da ya kai su cikin tsaunuka ma'adini ne. Wanda ya ce siririn dogo yake so, to garin mahaƙa ya zaɓa, ko ya sani ko bai sani ba. Dabbar da ta fi cancanta a wurin ma ba doki ba ce, jaki ne da alfadari, don su ke sauko da duwatsun ma'adini daga ramukan da ke can ƙololuwa inda dogo bai kai ba. Wannan kam bai yi mini wuyar hasashe ba, na san yadda jaki ke tsayawa da mangala.

Na tsayar da watan Satumba na 1885, a wani ɗan reshe da babu shi a taswira, cikin tsaunukan San Juan. Shekara uku ke nan da isowar dogo, kuɗi na zagayawa, saura shekara takwas kafin 1893 lokacin da gwamnatin Amurka ta soke dokar sayen azurfa, farashi ya faɗi, mahaƙu da dama suka rufe. Ƙasar ma ba da daɗewa ba ta fita daga hannun masu ita: 'yan ƙabilar Ute ne ke da tsaunukan, yarjejeniyar Brunot ta 1873 ce ta karɓe yankin ma'adinan daga hannunsu, a 1881 kuma aka tasa ƙeyar wasunsu da yawa zuwa Utah. Shi ya sa na goge tantunan da na zana a bayan gari a zanen farko. A 1885 ba sa nan, kuma ba don sun ga damar tafiya ba ne.

Tsayar da shekara ya rage mini kashe kuɗi fiye da duk wata dabara. Manyan injunan K-27 da kowa ke so sai 1903 suka zo. Motar nan mai tafiya a kan dogo da ake kira Galloping Goose ta layin Rio Grande Southern, sai 1931, shi kansa layin ma mai gina shi, Otto Mears, bai gama shi ba sai 1891. Duk na cire su daga jerin sayayya. Abin da ya rage inji ɗaya ne, 2-6-0. Lambobin ƙidayar ƙafafu ce: biyu ƙanana a gaba masu jan hanya, shida manya masu tuƙi, babu ko ɗaya a baya. Yana da babbar fitilar mai a goshi, da bututun hayaƙi mai faɗin kai don kama tartsatsi, da haƙoran katako a gaba don ture dabbar da ta hau dogo. Da taragon kwal ɗinsa na ware masa santimita 30.

Wani kuskure da na kusa yi, wanda kuma na ga da yawa sun yi: gina garin a matsayin kufai. Hotunan da muke gani yau na garuruwan mahaƙa duk katako ya yi toka-toka, rufi ya lotsa, ƙarfe ya yi tsatsa, saboda sun shekara fiye da ɗari a yashe. A 1885 garin sabo ne fil. Katakon ɗanye ne mai ruwan ɗorawa, wani shagon ma ba a gama buga masa rufi ba, injin kuwa ana goge masa tagulla har tana ɗaukar ido. Abin da ya kamata ya yi muni shi ne ƙasa: titi duk taɓo da kashin dabbobi, gangaren dutse cike da kututture saboda an sare itatuwa an tokare ramuka da su, ga tulin tsakuwar da aka fitar daga rami ta zubo har bakin rafi.

Wuri ɗaya na karya dokar shekarar da gangan. A 1885 da zobe da ƙusa ake haɗa taragu: ma'aikaci ya shiga tsakani, ya riƙe zoben ƙarfe da hannu har ya shiga bakin ɗayan, sannan ya jefa ƙusa. Yatsu da rayuka da yawa sun tafi a haka, sai wata doka ta daban a 1893 ta tilasta amfani da mahaɗi mai kama kansa. Da na yi wa Kawu bayani ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya duba hannunsa. A kan allo dai mahaɗin kamfanin Kadee zan sa, mai kama kansa, wanda ake buɗewa da maganaɗisu ko ɗan tsinke. Ba zan iya zura ƙusa mai kaurin allura sau talatin a dare ɗaya ba.

Aikin da jirgin zai yi

Yanzu ina da amsar Kawu. Jirgin daga Durango ya taso. Ya kawo kwal, katako, fulawa, kananzir, nakiyar fasa dutse da kayan injuna. Zai koma da duwatsun azurfa zuwa masana'antar narka ma'adini da ke Durango, wani lokaci da tumaki.

Tsarin dogon na aro shi ne daga wani Baturen Ingila, Alan Wright, sunan tsarin Inglenook. Layi ɗaya ne ya shigo, ya rabu uku ta mararraba biyu. Reshe ɗaya na ɗaukar tarago 5, sauran biyun 3 kowanne, layin shigowa kuma ba ya ɗaukar fiye da inji da tarago 3. Taragu 8 ne a filin. Kowanne da katinsa, a cakuɗa, a zaro 5, aikinka ka haɗa jirgi da waɗannan biyar bisa jerin da suka fito. Jerin da zai iya fitowa 6,720 ne: 8 sau 7 sau 6 sau 5 sau 4. Ƙarancin wurin shi ne daɗin abin, don in layin shigowa ya ɗauki tarago 5 babu sauran tunani.

Taragon kaya na wancan zamani ƙafa 24 ne, a kan allo santimita 15, da mahaɗansa 17. Dogon reshe ke nan 85, gajeru 51 kowanne, layin shigowa 51 da 30 na inji, 81. Kowace mararraba na ware mata 22, da ƙarin 10 kafin rassan su rabu sosai yadda tarago ba zai gogi ɗan'uwansa ba. Jimla 220. A karon farko zane ya shiga bango har da rara.

Kowane reshe na ba shi sana'a. Na baya yana ƙarƙashin rumbun ma'adini, inda jakai ke juye kaya a zuba wa buɗaɗɗun taragu ta maƙogwaro. Na tsakiya shi ne mafi tsawo, gaban ɗan ofishin tasha. Na gaba yana da dakalin sauke kaya da ɗan shingen tumaki. Layin shigowa kuwa, da yake babu mararraba a kansa, shi ya hau gadar katako, ya ɓace a cikin tsagin dutse a ƙarshen allo.

Kawu ya sake kama ni a nan. Ya ce tashar da ke ƙarshen layi dole ta sami inda inji zai zagaya ya koma gaban taragunsa, in ba haka ba da baya zai yi ta tafiya. Gaskiyarsa. Amma wannan na buƙatar ƙarin mararraba biyu da wurin tsayawar inji, sama da santimita 70 da ba ni da su. Muka yi sulhu a kan cewa wurin zagayawar yana bayan tsagin dutse inda ido ba ya gani, nan kuma jirgin turo taragu yake yi. Bai gamsu ba, ya dai yi shiru.

Gari mai gine-gine biyar

Rassa uku da tazarar da ke tsakaninsu sun cinye santimita 25 daga cikin 45. Na bar 6 a gaba, 14 a baya. Shago mai faɗin mita 6 da zurfin mita 18 zai zama santimita 12.5 da 37.5, ba inda zai shiga. Sa'ar da na ci ita ce mutanen wancan zamani su ma fuska suka fi kula da ita: sukan buga dogon bangon katako mai kusurwa huɗu a gaban ƙaramin gini don ya yi kama da bene. Ni ma fuskar zan gina, da zurfin santimita 5, sauran ya shige cikin zanen bango.

Biyar na tsayar: kantin kayan masarufi, masauki, mashaya, maƙera haɗe da barga, da ofishin gwajin ma'adini. Banki da gidan yari sun fita. Ofishin gwajin ya fi su dacewa, don nan ne mai haƙa ke kai ɗan dutsensa a narka a auna a gaya masa ko ya yi arziki ko ya yi asarar shekara. Tankin ruwa na katako yana bakin gada, don injin hayaƙi ba ya nisa bai sha ba. Injin daka duwatsu kuwa ya fi ƙarfin allon, a bango zan zana shi can nesa.

Yawancin kayan ginin a nan gida suke. Gungumen inci 12 da ake tokare gada da shi milimita 6 ne a ma'auninmu, kafinta zai tsaga mini. Tsinken tsire ya isa sandunan gicciye. Dutse kuma farin soson da ke zuwa cikin kwalin firji ne, a sassaƙa shi a shafe da garin POP. Ƙasa a rairaye ta, a bi ta da maganaɗisu don cire ɓurɓushin ƙarfe kada injin ya zuƙe shi, a zuba, a ɗiga mata farin gam da aka tsinka da ruwa da ɗigon sabulu. Jar ƙasarmu ma ba za ta yi ƙarya ba, akwai jajayen duwatsu a arewa da Durango. Satumba kuwa na zaɓe ta ne saboda itatuwan aspen masu farin jiki, lokacin ne ganyensu ke komawa ruwan zinare a tsakanin koren itatuwa masu tsini.

Wuta, ƙura da gara

Inji ɗaya ba ya buƙatar na'urar dijital ta DCC, tsohon tsari na bolt 12 ya wadatar, in an so ƙarin sauti daga baya a canza. Abin lura shi ne kayan da aka yi don Amurka wutar 120 suke ci, tamu kuwa 230 ce, sai a karanta jikin na'ura kafin a soka. Dogon da ake gani zan sayi na kamfanin Peco mai manyan katakan ƙasa a wawware, don na HO katakansa ƙanana ne a matse, da gani ka san ba nasa ba ne. A bayan tsagin dutse na HO ya isa.

Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gaba, tunda wuta ta inda ƙafa ta taɓa ƙarfe take bi. Na sa rufi a saman allon da fitila a ciki, da labulen roba mai sauka a gaba. Katako kuma yana kumbura da damina ya tsuke da rani, don haka za a yi masa fenti ciki da waje, a bar 'yar kafa a mahaɗar ƙarafan dogo, a kuma shafa maganin gara kafin komai. Allon zai zauna santimita 130 daga ƙasa, kusa da ido, nesa da hannun yara. Na so in raba shi biyu daidai don ya fita ta ƙofa, sai na ga tsagin zai faɗo a ƙarƙashin mararraba ta biyu. Ya koma 90 da 150: gada a ƙaramin, mararraba da gari a babban.

Gwaji a ƙasa

Kafin in aika a sayo komai, na buɗe kwalin firji na zana shirin a girmansa na gaske, na yanka taragu takwas na kwali, 17 da 5, da inji mai 30, na rubuta wa kowanne suna. Muka shimfiɗa a tsakar ɗaki bayan la'asar.

Nan take kuskure ya fito. Taragon On30 ya fi na HO faɗi ko da yake dogonsu ɗaya, santimita 10 da na bari bayan mararraba ba ta isa ba, kusurwar wanda ke tsaye tana kama mai wucewa. Sai da na kai ta 14. Jimla ta koma 224, maƙera ta matsa, shingen tumaki ya rage. Wannan shi ne zane na huɗu.

Na zaro kati biyar na fara. Na yi gaba na yi baya har na rasa ƙidaya, na cusa taragon tumaki a can ƙuryar reshe alhali shi ne na biyu a jeri. Kawu na zaune a kan kujera yana kallo, bai ce uffan ba, sai da na gama ya sauko ya durƙusa, abin da gwiwarsa ba ta cika yarda da shi ba. Ya mayar da taragun yadda suke, ya dube su na ɗan lokaci, sannan ya haɗa jirgin da motsin da bai kai rabin nawa ba. Kowane turawa sai ya ɗaga hannun hagu ya yi wa direban da babu shi alama.

Da zai miƙe ya dafa kafaɗata ya ce, tunda na nace jirgin zai riƙa shigowa da baya ta kan gada, in tabbatar na tsayar da mutum ɗaya a kan taragon gaba da fitila a hannu, don shi bai taɓa yarda an tura tarago babu ido a gabansa ba. Na ƙara shi a jerin sayayya, ƙasa da jakai shida.